Ƙarfen Da Injiniya Ya Ƙi A Zana

Ummi ce ta jawo muku wannan dogon zancen. Na shigo gaishe da Barista, na tarar kun kewaye kwamfuta kuna juya hoton inji da ɗan yatsa, sai na ji tana cewa ai zane yanzu ko ɗan firamare zai yi. To, sannunku da ƙoƙari. Ku miƙo min kujera, gwiwata ba ta son tsayuwa.

Wanda bai san ni ba, ni ce Binta mai zane. A gidan nan na tsufa, tun ofishin yana ɗaki biyu a can baya ƙarƙashin mangwaro, lokacin Nassarawa GRA in ka fito titi da rana sai ka ji kamar kowa ya yi ƙaura saboda shiru. Marigayi Barista Tijjani, mahaifin wannan Baristan naku, shi ya ɗauke ni. Aikinmu ɗaya ne da naku. Mutum ya ƙirƙiro wani abu, yana son hukuma ta ba shi takardar mallaka don kada wani ya kwaikwaya ya sayar ba da izininsa ba. Barista ya rubuta bayani, ni in zana. Kuma abin ciniki ne tsakaninka da hukuma: ita za ta kare maka abinka shekara ashirin, kai kuma ka faɗi komai dalla-dalla, yadda wani maƙeri da bai taɓa ganin fuskarka ba zai ɗauki takardar ya ƙera abin ya yi aiki. In ka ɓoye wani abu, takardar ba ta da amfani.

Aikina na farko ba inji ba ne, layi ne. A ma'aikatar ayyuka na koyi sana'ar a hannun Baba Haruna, wani tsoho siriri mai tabarau ɗaure da zare. Ya shimfiɗa min takarda mai shara-shara a kan allon zane, ya ba ni doguwar rula da alƙalamin tawada mai baki kamar allura, ya ce in ja layuka a jere har takardar ta cika. Na cika, na kai masa ina taƙama. Ya ɗaga ta sama wajen taga, ya nuna min inda hannuna ya yi rawa, da inda na tsaya numfashi tawada ta taru, ya yage ta. Wallahi har damina ta wuce ban zana komai ba sai layi da da'ira. Na yi kuka a banɗaki, na rantse ba zan dawo ba, da safe kuma sai ga ni. Shi ya koya min kankare kuskure da reza ba tare da na huda takarda ba, da wanke bakin alƙalami da ruwan ɗumi, da yadda ake ɗora hannu a kan ƙyalle don kada gumi ya ɓata aiki. Bai taɓa ce min na yi kyau ba. Ranar da ya gamsu, sai kawai ya naɗe zanen ya sa a durowarsa, ya aika aka sayo min gurasa. Allah ya jiƙansa, har yau in na ga layi a karkace muryarsa nake ji.

Mutanen da suka ratsa ɗakin nan kuwa, ba irin wanda ban gani ba. Akwai wani dattijo da ya zo da fankar da ya ce tana ba wa kanta wuta, muka zauna muna jira, ta yi juyi kaɗan ta tsaya, ya ce iskar ɗakinmu ce ba ta da kyau. Akwai wata Hajiya mai murhun gawayi mai hawa biyu, ita kam abinta ya yi, har yau da shi nake girki. Wasu sukan shigo da abinsu a ƙudundune cikin buhu suna waige-waige, sai ka rantse zinare suka sato. Amma mafi yawan aikinmu daga wata cibiyar bincike ta gwamnati yake zuwa, inda injiniyoyi ke ƙera injunan noma da na sarrafa abinci. Su kuma dokarsu daban ce. Abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa, da ƙarfen ma'aikata da wutarta da albashinta, na ma'aikatar ne. Za a rubuta sunansa a matsayin wanda ya ƙirƙira, amma mallaka ta gwamnati ce, ita ke da ikon ba wa wanda ta ga dama izinin ƙerawa. Da yawansu ba su damu ba. Injiniya Sadisu ne kaɗai abin ya tsaya masa a wuya.

Injin matsar man gyaɗa ya kawo, a bayan motar cibiyar, lulluɓe da tamfol. Sadisu dogo ne, mai fara'a, ga surutu, in ya shigo sai ya gaida kowa har mai gadi da mai ban ruwan fulawa. Mahaifiyarsa mai ƙuli ce a Gawuna, da kuɗin ƙuli ta yi masa karatu. Kun san wahalar aikin ai, ko da yake ku a leda kuke ganin ƙuli. A soya gyaɗa, a murje, a kai niƙa, sannan mace ta zuba niƙaƙƙiyar a turmi ta riƙa juyawa da taɓarya tana ɗiga ruwan zafi, har mai ya taso. Wannan juyin shi ke cinye kafaɗar mata. Mutane da dama sun gwada yi masa inji, sai dai injinsu juyi kawai yake yi kamar mai dama koko, man ba ya fita sosai. Na Sadisu kuwa da aka kunna a tsakar gidan nan, kafin mu gama gaisawa mai ya kwanta a sama, Barista har da tafi.

Na ɗauko abin awo da fensir na fara aiki. Na zana gangar da ake zuba gyaɗa a ciki, na zana muciyar ƙarfen da ke juyawa a ciki, na zana bututun ruwan zafi. Da na zo kan wani ɗan akwati da ke tsakanin motar da ke juya injin da muciya, sai na ga an like shi da walda ta ko'ina. Na ce Injiniya a buɗe min. Ya yi murmushi ya ce in zana shi haka a rufe, in sa masa lamba, a rubuta akwatin juyi, shi ke nan.

Na ce ba na zana abin da ban gani ba. Ya ce to ba zan gani ba.

Ba ɓoye-ɓoye ya yi min ba, gaskiyarsa ya faɗa. Ya ce ganga da muciya da bututu gwamnati ta ɗauka, da ƙarfenta aka yi. Amma abin da ke cikin akwatin nan ba a cibiya ya koyo shi ba, a gindin turmin mahaifiyarsa ya koyo, tun yana yaro yana riƙe mata butar ruwan zafi. Ita ba juyi kawai take yi ba. Takan juya, ta ɗan dakata, ta ɗan koma baya kaɗan, a nan ne take ɗiga ruwan, sannan ta ci gaba. Shekaru ya yi yana neman ƙarfen da zai yi wannan dakatawar. Ya ce yanzu a ce wannan ma na gwamnati ne, ta rufe shi a kabad, ko ta ba wa wani attajiri, shi kansa sai ya nemi izini kafin ya ƙera wa uwarsa? Ya ce kowane mai sana'a a garin nan yana da sirrin da ba ya faɗa sai ga ɗansa, maƙera haka, marina haka, masu kilishi haka, don me shi za a ce ya tona nasa?

Barista ya zaunar da shi ya yi masa bayani a hankali, cewa in ba a buɗe akwatin ba takardar fanko ce, ko an bayar wani zai iya rushe ta, kuma ba wanda zai iya ƙera injin sai shi. Sadisu ya ce ai abin da yake so ke nan. Ni kuwa raina ya ɓaci, don ban iya haƙurin Barista ba. Na ce masa to in ka faɗi gobe fa? Ka sha maganin mutuwa ne? Ya yi dariya ya ce Malama Binta bakinki ba shi da linzami. Haka muka yi ta yi har aka shiga azumi aka fita. Ya zo, mu yi musu, ya sha shayi, ya tafi. Injin yana nan a baranda, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. Kuma kada ku ɗauka ban fahimce shi ba. Na ga abubuwa masu kyau da suka shiga kabad ɗin gwamnati ba su sake ganin rana ba. Tsoronsa ba na banza ba ne, kuma ina son mutumin, shi ya sa abin ya dame ni.

Rannan na ce masa, to tunda ba zan ga ƙarfen ba, ya kai ni in ga hannun da aka kwaikwaya. Ya ɗauka wasa nake, sai da ya ga na yafa mayafi.

Da hantsi muka isa Gawuna. Tun daga zaure ƙamshin soyayyar gyaɗa ya tare mu. Iya, mahaifiyar tasa, tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, wata mata da take biya tana juya mata turmi, ita tana ta faɗa wai ba haka ake yi ba. Ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, idonta tar. Ɗan fari ne Sadisu, sunan kakansa ya ci, don haka ba ta kama sunansa, ba ta ma kallonsa sosai, sai dai ta ce wannan yaron. Ta sallami matar ta je ta ɗebo ruwa, ta karɓi taɓarya ta nuna min da kanta. Na ga juyin, na ga dakatawar, na ga komawar. Ba ta jima ba ta saki taɓaryar tana cije leɓe.

Ta tambaye ni me ya kawo ma'aikaciya gidan ƙuli. Na dubi Injiniya, ya sunkuyar da kai, ni kuwa na kwashe komai na faɗa mata. Da na zo kan cewa gwamnati ce za ta mallaki injin, sai tsohuwar nan ta tuntsire da dariya.

"Au, ita ma gwamnatin mallaka take yi? Wurin wane malamin ta je?"

Ta ɗauka irin mallakar da mata ke nema ce a kan mazajensu. Na yi dariya har da hawaye, shi ma Injiniya bai iya riƙewa ba. Da muka natsu na warware mata ma'anar, na kuma gaya mata ɗanta ya ƙi a zana sirrinta, don yana ganin haƙƙinta ne.

Sai ta ce min in duba. Ta ɗaga hannunta na dama za ta taɓa ɗankwalinta, hannun ya tsaya a daidai kunne, ya ƙi wucewa. Ta ce jikarta ce ke ɗaura mata kallabi yanzu. Ta ce wannan dakatawar a wurin kakarta ta gada, kuma ta ɓoye ta da gaske. In maƙwabta suka shigo tana matsar mai, sai ta juya musu baya ko ta aike su, shi ya sa nata man ya fi na kowa yawa a layin. 'Ya'yanta mata kaɗai ta nuna wa, su kuma duk sun yi boko, ba wadda ta taɓa taɓarya. Ko matar da ke mata aiki ba ta koya mata ba, tana ta yi mata faɗa a kan abin da ta hana ta sani.

Sannan ta juya, a karo na farko ta kalli ɗanta ido cikin ido.

"Ni na ɓoye, ga abin da na samu, kafaɗa ta mutu, sana'a za ta bi ni kabari. Kai ma haka kake so? Gwamnati ta riƙe takardarta, ta dafa ta ci in tana so. Ni dai a raba matan layin nan da wannan ciwon."

Muka yi mata sallama, ya mayar da ni ofis. Washegari da safe na tarar da shi a baranda da injin yankan ƙarfe, ya riga ya fasa waldar.

Abin da ke ciki ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, mai siffar ƙwallon mangwaro, gefe ɗaya a kumbure, gefe ɗaya da ɗan lotsawa. Wannan lotsawar ita ke sa muciya ta dakata ta koma baya, ita kuma ke buɗe bakin bututun ruwa. Ban taɓa shan wuyar zane irin nasa ba, don ba da'ira ba ce da kamfas zai ja, ba kuma layi ba. Na shafa masa tawada na danna a takarda, na auna shi ta kowace kusurwa, na zana na kankare, na zana na kankare, har reza ta huda min takarda na sake sabuwa. Shi ne zane na huɗu a takardar. Injiniya ya ɗora ƙarfen a kai, ya zauna daram. Aka aika wa hukuma, bayan wani lokaci takarda ta fito, mallakar gwamnati, sunan Sadisu a ƙasa. Ya karɓa ya karanta, ya ce min to Malama Binta, kin raba ni da abina, hankalinki ya kwanta. Da wasa ya faɗa, amma na san ya ji ciwo.

Sai kuma mummunar shekarar nan ta zo, ta kusa gaskata tsoronsa. Ma'aikata suka shiga dogon yajin aiki, aka garƙame cibiyar. Aiki ya ɗauke mana ƙaf. Ni da nake zana injuna na koma zana wa masu ɗinkin hula fulawa, da taswirar shago ga masu gini, don a samu na cefane. Iska ta yaye rufin ɗakin ƙirar cibiyar, damina ta ƙare a kan injuna. Da aka buɗe, injin Sadisu ya yi tsatsa, an kuma cire masa kayan ciki an gyara wasu da su, ɗan ƙarfen nan ba wanda ya san inda ya shiga. A cikin shekarar Iya ta rasu, ba ta ga injin a layinsu ba. Ba a daɗe ba shi ma Injiniya ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun da yake ƙira da shi ya tafi, magana ma sai da ƙyar. Na je duba shi a gida, na kasa haɗa ido da shi. Maganar da na yaɓa masa ta faɗuwa ta riƙa dawo min, na ce ni da bakina, Allah ya shirye ni. Takarda kuwa tana kabad, kamar yadda ya faɗa.

Shekaru suka shuɗe kafin cibiyar ta sami sabon shugaba, mutumin kirki, ya sa aka zazzage kabad. Tunda mallakar ta gwamnati ce, ba sai an nemi kowa ba, ya ba wa wata ƙungiyar masu walda a Hotoro izinin ƙera injin don mata masu ƙuli. Shugabansu Malam Ɗanladi bai san Injiniya ba, bai taɓa ganin injin ba, kwafin takardar kawai aka miƙa masa. Ranar da na ji, na ce to, jarrabawata ta zo. Yanzu ne za a san ko na iya aiki ko shekaru na yi ina ɓata tawada.

Sau ɗaya ya neme ni. Ya zo ofis da takardar a naɗe, ya buɗe zane na huɗu, ya ce Hajiya, gafarta min, wannan ƙarfen hannunki ne ya goce ko haka yake? Ya ce yaransa sun ce a gyara shi ya zama da'ira sosai, don ba su taɓa ganin an ƙera abu a lotse da gangan ba. Na ce masa Malam Ɗanladi, in ka cike wannan lotsawar ni da kai har gaban Allah. Ka yi shi yadda ka gan shi. Ya nemi in ƙara masa bayani, na ƙi, na ce komai yana takardar.

Ranar gwaji matar Injiniya ta kawo shi a mota, aka riƙo shi har cikin rumfar walda, aka ba shi benci. Ya rame, gemu ya yi fari, bakin ya ɗan karkace. Mata sun zo daga Gawuna da Tudun Wada da robobin niƙaƙƙiyar gyaɗa, har da matar nan da ke yi wa Iya aiki. Injin yana tsaye da sabon fenti kore, an manna masa ɗan ƙarfe mai rubutun cewa mallakar gwamnati ne. Na ga Injiniya ya karanta, ya kau da kai.

Aka zuba gyaɗa, aka kunna. Muciya ta juya, ta juya, ta dakata, ta ɗan koma baya, ruwa ya ɗiga, ta ci gaba. Matar nan ta Iya ta matso ta zura ido, ta dafe ƙirji, ta ce ashe haka tsohuwar take yi in ta juya min baya. Kafin wani lokaci mai ya taso ya kwanta, ja, mai ƙamshi, mata suka ɗauki guɗa.

Injiniya ya yafito Malam Ɗanladi da hannun hagu, ya tambaye shi da ƙyar wa ya nuna masa. Ɗanladi ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe ba kowa, takarda ce kawai. Injiniya ya sake tambaya, Ɗanladi ya sake ba shi amsa ɗaya. Sai Injiniya ya nemi a ɗebo masa man a murfi, ya tsoma yatsa, ya murza, ya kai hanci. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya juyo yana nemana a cikin mutane, na matso na durƙusa kusa da bencin don in ji.

"Malama Binta," ya ce, "yanzu ko ba ni, man zai fito."

Na gyaɗa masa kai. Matarsa ta gyara masa hula, mata kuma suka fara layi da robobinsu.